Tafiya da babur daga nahiya zuwa nahiya: tambayoyin da aka fi yi min

Tambayoyin nan kusan guda ɗaya ne ke ta dawowa, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, shi ne na ce bari in tattara su waje guda kowa ya huta. Abun da na lura shi ne kusan kowa da babur yake farawa, wane iri, inji nawa, gudu nawa, alhali a iya abun da na gani takarda ta fi mayar da mutane gida fiye da lalacewar inji. Toh amma tunda da babur kuke so a fara, mu fara da shi.

Wane irin babur ya kamata in saya?

Wanda in ya faɗi za ka iya ɗaga shi kai kaɗai, da kayanka a kai, a cikin yashi, kana gajiye. Ka gwada wannan kafin ka biya kuɗi. Mutane na ganin manyan baburan nan masu inji 1200 (cc, wato ma'aunin girman inji) suna ɗauka sai da su ake ƙetara duniya, a kan kwalta kam daɗi ne da su ba ƙarya, amma ranar da kwalta ta ƙare nauyin nan kai za ka ɗauke shi. Ted Simon da ya bar Landan a 1973 ya yi shekara huɗu yana zaga duniya, Triumph mai inji 500 ya hau. A 2009 Nathan Millward ya taso daga Sidni ta Ostareliya har Landan a kan ƙaramar Honda irin ta masu raba wasiƙa, injinta 105 kacal. Shi kuma Emilio Scotto ɗan Ajantina ƙatuwar Gold Wing ya hau daga 1985 zuwa 1995. Kaga kenan kowane iri ya taɓa yi.

Ni dai in ka tambaye ni, tsakanin 250 zuwa 700, mai silinda ɗaya ko biyu, samfurin da ya yaɗu a ƙasashe da yawa saboda kayan gyara, kuma tankin da zai kai ka kilomita 300 zuwa 400 kafin ka nemi gidan mai. In tankin ƙarami ne ƴar jarka ta wadatar.

Ina ta jin ana cewa karne karne, mene ne shi?

Yauwa, yanzu muka zo wajen. Sunansa cikakke da Faransanci Carnet de Passages en Douane, kuma a taƙaice fasfo ne na babur ɗinka. Tsoron kowace ƙasa shi ne ka shigo da abun hawa ka sayar a cikinta ba ka biya kuɗin kwastan ba, toh wannan littafi shi ne lamuni cewa za ka fita da shi. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin duniya FIA ko AIT ne ke bayarwa, shekara ɗaya yake yi, kuma sai ka ajiye musu kuɗin jingina ko ka kawo lamunin banki. Yawan jinginar ya danganta da darajar babur da ƙasashen da ka rubuta za ka shiga, wani lokacin ma har ya ninka kuɗin babur ɗin, wanda wannan wani dalili ne kuma da ya sa tsohon ƙaramin babur ya fi sabon ƙato sauƙin tafiya.

Kowane shafi kashi uku ne. In ka shiga ƙasa kwastan su yage ɗaya su buga hatimi, in za ka fita su yage na biyu, na ukun ya zauna a littafin ɗauke da hatimin shiga da na fita. Wannan hatimin fitan shi ne kuɗinka, dan Allah kar ka bar boda ba a buga maka shi ba, ko da jami'in ya ce ba komai wuce kawai, ka tsaya ka yi murmushi ka ce a taimaka. In babu shi ƙasar za ta iya cewa babur ɗin na cikinta har yanzu ta nemi haƙƙinta daga jinginarka.

Ba ko'ina ake nemansa ba. Iran, Pakistan da Indiya sai da shi. Masar ma ta yi suna wajen tsanani a kai. A Kudanci da Tsakiyar Amurka kuwa ba ka buƙatarsa, a bakin boda ake rubuta maka takardar shigo da babur na ɗan lokaci, haka ma ƙasashen Afirka da dama. Saboda haka ka fara zana hanya tukuna, sannan ka ga ko kana buƙata. Kuma babur ɗin ya zama da sunanka yake, sunan da ke takardarsa ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.

Biza fa? In nema duka kafin in tashi ko a hanya?

Nan ne fasfo ɗin da kake riƙe da shi yake nuna halinsa. Yawancin labaran da kake karantawa na masu zaga duniya Turawa ne suka rubuta, su a ƙasashe da yawa miƙa fasfo kawai suke a buga musu, in ka kwaikwayi tsarinsu da fasfon da sai an nemi biza kusan ko'ina za ka sha mamaki. Ka ɗauko takarda ka jera ƙasashen a jere, kowacce ka rubuta abu huɗu: ana ba da biza a boda ko a'a, in ta intanet ce tana aiki a bodar ƙasa ko sai filin jirgi kawai (wannan ya kayar da mutane da yawa), kwana nawa take bayarwa, sannan daga yaushe take fara ƙirga, ranar da aka buga ko ranar da ka shiga.

Matsalar ita ce wasu ofisoshin jakadanci ba sa karɓar takardarka sai a ƙasar da kake zaune, bizar Shengen ta Turai haka take, ga ƙa'idar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Wasu kuma bizar na mutuwa bayan wata uku da bugawa, in ka karɓa tun a gida kafin ka isa ta lalace. Dole ka raba su gida biyu, na gida da na hanya, na hanyan kuma ka san a wane babban birni za ka zauna jira, ka ware masa sati guda ko fiye. Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla bayan ranar da kake sa ran gamawa, da shafuka fanko masu yawa dan wasu bizojin shafi guda suke cinyewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wata shida kafin tashi ma bai yi wuri ba.

Lasin ɗina zai yi aiki a waje?

Ka haɗa shi da lasin ƙasa da ƙasa. Iri biyu ne aka fi amfani da su, na yarjejeniyar Janiba ta 1949 mai shekara ɗaya, da na Biyana ta 1968 mai kaiwa shekara uku, kuma ba kowace ƙasa ce ke karɓar duka biyun ba. Shi fassara ne kawai, ba ya aiki sai da na asalin a gefe, kuma ka duba an buga maka rukunin babur ba na mota kaɗai ba.

Inshora ma yanki-yanki ce. Turai na da koren kati, ƙasashen ECOWAS na da mai ruwan ƙasa, na COMESA a gabashi da kudancin Afirka ruwan ɗorawa, a Kolombiya da Peru kuma inshorar dole da ake kira SOAT ake saye. Yawancin waɗannan wanda ka buge suke biya, ba kai ba, kuma duka ba sa biyan babur ɗinka. Inshorar lafiyarka daban ce, ka karanta ƙananan rubutun nan da kyau dan da yawansu sun cire hawa babur mai inji sama da 125.

Wace hanya ce ake bi?

Manyan guda uku ne mutane suka fi sani. Ta Amurka daga Prudhoe Bay a Alaska zuwa Ushuaia can ƙarshen Ajantina, wajen kilomita 30,000. Ta Afirka, ko dai ta gabas daga Alƙahira zuwa Cape Town kimanin kilomita 10,000, ko ta yamma daga Maroko a gangaro Muritaniya da Senegal a bi gaɓar teku har kudu. Sai ta Turai zuwa Asiya, wadda ke rabuwa, ko Turkiyya, Iran, Pakistan, Indiya, ko ta tsakiyar Asiya, ko a miƙe ta Rasha har Vladivostok.

Amma a taswira ne kawai layin yake a miƙe. Tsakanin Panama da Kolombiya titi ya yanke a wani gari Yaviza, daga nan dajin Darien ne da fadama wajen kilomita 100, babu hanya, dole ka ɗora babur a jirgin sama zuwa Bogota ko a kwantena zuwa Cartagena. Hanyar gabashin Afirka ta toshe a tsakiya tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Bodar Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. Myanmar ta rikice tun juyin mulkin 2021, wanda ya sa fita daga Indiya zuwa Tailan ta ƙasa ya zama aiki. Sin kuma ba ta barin baƙo ya shigo da abun hawansa haka kawai, sai ta hannun kamfani da ɗan rakiya da lambar wucin gadi, shi ya sa matafiya ke haɗa kai su raba kuɗin. In ka shigo Pakistan daga Iran ta Taftan jami'an tsaro ne za su raka ka har Kwetta, da saurinsu za ka yi tafiya ba da naka ba. Jirgin ruwan tekun Kasfiya tsakanin Azabaijan da Kazakistan shi kuma ba shi da tsayayyen lokaci, in ya cika ya tashi.

Mafi sauƙin ƙetarawa ita ce daga Sifen zuwa Maroko, mashigin ruwan kilomita 14 ne a inda ya fi matsewa, ka tura babur cikin jirgi a Algeciras ko Tarifa kafin awa biyu kana wata nahiya. Duk abun da na lissafa ka sake bincikawa dab da tafiya, boda kamar yanayin damina take.

Ya ake ɗora babur a jirgi?

Na ruwa ya fi araha a kan takarda, amma sai ka jira makonni kana biyan ɗaki, sannan in ya iso kuɗaɗen tashar jiragen ruwa su fito maka ɗaya bayan ɗaya, na sauke kaya, na ajiya, na ejan. In kun samu ku uku ko huɗu kuka haɗa kwantena ɗaya toh da sauƙi. Na sama kwana biyu uku an gama, sai dai babur a wajensu kaya ne mai haɗari, za a ce ka rage mai ya koma ƙasa da kwatan tanki, yawanci kuma ka cire wayar batir. Kuma girman akwatin ake caji in ya fi nauyin: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6000. Akwati mai 200 da 80 da 110 zai ba ka kilo 293 ko da babur ɗin 180 ne. Shi ya sa ake cire tayar gaba da madubai a kwantar da kan babur, kowane santimita kuɗi ne. In Ostareliya ko New Zealand za ka, ka wanke shi kamar za a ci abinci a kai, ɗan busasshen taɓo a ƙarƙashin madgad ya isa a riƙe maka shi.

Kilomita nawa zan iya yi a rana?

Ƙasa da abun da kake tsammani. In ka haɗa da ranakun hutu da na boda da na jiran biza da na gyara, 200 zuwa 250 a rana ya yi, ka raba tsawon hanyarka da wannan ka ga watanni nawa ne. Ranar boda kar ka saka mata komai.

Sannan lokacin shekara shi ke tsara maka komai. Hanyar Pamir a Tajikistan, wadda ke hawa har mita 4,655 a Ak-Baital kuma sai da izini na musamman ban da biza, daga Yuni zuwa Satumba ake binta. Alaska ma tsakiyar shekara. Kudancin Ajantina kuma akasin haka, Disamba zuwa Fabrairu, ga iska mai ture babur. Indiya ruwa ake tafkawa daga Yuni zuwa Satumba. Sahara da kudancin Iran a tsakiyar shekara wuta ce. Ka fara da wurin da ƙofarsa ta fi ƙunci, ka saka masa wata, sannan ka ƙirgo baya zuwa ranar tashi.

Nawa zan tanada?

Ba zan faɗi adadi ba dan mai kwana a tanti da mai kwana a otal ba tafiya ɗaya suke ba. Ka yi tafiyar gwaji ta sati ɗaya da cikakken kayanka, ka rubuta duk abun da ka kashe, wannan shi ne na kullum. A kai ka ɗora manyan da ke zuwa lokaci guda, jirgi, biza, karne, tayoyi, sai kuɗin komawa gida wanda ba a taɓawa ko me ya faru. Katin banki biyu daga bankuna daban, a ajiye su wuri daban. A Iran katunan waje ba sa aiki, Rasha ma haka tun 2022, sai tsabar kuɗi. Dalar da za ka riƙe ta zama sabuwa fes, ƴan canji a wurare da yawa ba sa karɓar wadda ta yage ko aka yi wa rubutu.

Me ke faruwa a boda ne da kowa ke tsoro?

Tsarin ɗaya ne ko'ina: shige da fice su buga maka fita, kwastan su soke takardar babur, ka ƙetara, can ma shige da fice, kwastan, inshora. Kai daban, babur daban. Ka je da sassafe, cikinka a ƙoshe, da kwafin kowace takarda da yawa da biro naka.

Bari in ba ku nawa. Wata boda da ba sai na faɗi sunanta ba, jami'in da ya cike min takardar shiga ya rubuta 8 a inda lambar shasi take da B, ni kuma ina ta murna an sallame ni da wuri na ninke takarda na cusa a jaka ban duba ba. Bayan sati uku na zo fita ta ɗaya ɓangaren, wani dattijon jami'i ya fito da tocila ya durƙusa a wuyan babur, ya goge ƙura da babban yatsa yana karantawa ɗaya-ɗaya yana duba takarda, ya kai wajen ya tsaya, ya sake karantawa, ya ɗago ya ce wannan ba babur ɗin da ya shigo ba ne. Tun ƙarfe tara na safe nake kan benci a gaban ofishin nan har rana ta faɗi, ana ta kiran waya can inda na shigo ba a ɗauka, a nan na kwana kusa da babur, sai washegari da azahar aka gyara harafi ɗaya. Tun daga ranar ba na matsawa daga gaban tebur sai na bi lambar shasi da ta inji da ranar ƙarewa da yatsa.

Masu zuwa su ce za su taimaka maka da takardu, wasu na da amfani, amma ku yi ciniki tun farko kuma kar fasfo ya bar hannunka. In an nemi kuɗin da ba ka gane ba ka ce a ba ka rasit, cikin fara'a, ka nuna ba ka sauri. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

Sai na iya gyara kamar bakanike?

A'a. Amma faci, canza baƙin mai, ɗaure sarƙa da shafa mata mai, wanke matatar iska, canza filogi da wayar kuloci, waɗannan ka koya a gida da ainihin sifanun da za ka tafi da su, duk wanda ba ka taɓa ba a lokacin ka bar shi. Ka cire taya ka mayar sau uku a inuwa kafin ka yi na farko a rana. Taya da sarƙa su ne ke cinyewa, ka san tun wuri a wane birni za ka samu irin na babur ɗinka. A kan tsaunuka inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, mai kafireta har ya riƙa tari, ba lalacewa ya yi ba. A wurare irin Uzbekistan inda motoci da yawa gas suke sha fetur na wuya kuma wanda ake samu a jarka ba shi da kyau, ka tace da ƙyalle.

Kaya fa?

Ka shimfiɗa duka a ƙasa ka kwashe rabi. Masu nauyi a ƙasa kusa da tsakiyar babur. Inda ba a rowa shi ne hular kwano, jaket mai kariya, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu.

Lafiya?

Katin rigakafin cutar shawara, ƙasashe da yawa a Afirka da Kudancin Amurka na tambaya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka ga likita kan maganin zazzabin cizon sauro da allurar cizon kare, karnuka na son bin babur. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsauni na iya kama kowa komai ƙarfinsa, ciwon kai da amai da kasa barci, in ya yi tsanani maganinsa sauka ƙasa. Ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi, iska na busar da gumi ba ka sani ba.

Ni mace ce, zan iya ni kaɗai? Kuma ba haɗari?

Hajiya an yi tun kafin a haifi da yawanmu, Elspeth Beard ƴar Ingila ta tashi a 1982 tana da shekara 23 ta zaga duniya a kan BMW ta dawo a 1984. Abun da zan ce miki shi zan ce wa namiji: abun tsoro na farko titi ne, manyan motoci da dabbobi da ramuka, ɓarayi na baya. Kar a yi tafiyar dare, ko kusa, ki nemi masauki tun rana na sama, babur ya kwana a cikin gida. Wani a gida ya san inda kike kullum. Ki lura da ƙasashen da ake tuƙi ta hagu, Ingila, Kenya, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Pakistan, Indiya, Tailan, Japan, Ostareliya, kuskuren da safe ake yinsa lokacin fitowa daga masauki titi babu kowa, ni ƙyalle ja nake ɗaurawa a madubin ɓangaren da ya kamata in bi.

Waya da taswira?

Ka sauke taswira a OsmAnd ko Maps.me dan ta yi aiki ba intanet, iOverlander kuma na nuna wuraren kwana da bayanin boda daga waɗanda suka wuce kwanan nan. Wayar tauraron ɗan adam haramun ce a Indiya in ba izini, an kama mutane a kai. Maroko kuma na ƙwace ƙaramin jirgin ɗaukar hoto a boda.

In kuɗi ya ƙare ko wani abu ya taso a gida, zan iya barin babur in dawo daga baya?

Ana yi, amma ba a ko'ina ba. Takardar da aka ba babur tana da wa'adi, in ya wuce tara ce ko a ƙwace shi gaba ɗaya, kuma wasu ƙasashen kamar Turkiyya suna haɗa babur ɗin da fasfonka ta yadda ba za ka fita ka bar shi ba sai ka bi ta kwastan. Ka je ofishinsu da kanka ka tambaya ko ana dakatar da takardar ko akwai ma'ajiyarsu, ka karɓi komai a rubuce. In karne kake amfani da shi ka tuna shekararsa na tafiya ko kana nan ko ba ka nan, ka sanar da waɗanda suka ba ka tun kafin ya mutu. Sannan ka cire batir, ka ɗaga tayoyin daga ƙasa, ka ɗauki hoton babur ɗin da lambar mita a gaban mai ajiyar kafin ka miƙa makulli.